Sayen Kaya Daga Amurka Zuwa Kanada: Gidan Waya Ko Kamfanin Kai Saƙo, Da Yadda Za Ka Kauce Wa La'ada

Tun ranar da na ba da labarin kuɗin da aka karɓa a hannuna a bakin ƙofa kan wani ɗan kwali na kayan dukanci, 'yan uwa mazauna Kanada ba su bar ni na huta ba. Wannan ɗalibi ne mai neman sassan tsohuwar kyamara, waccan uwargida ce mai saƙa da ke son wani irin ulu da babu shi a shagunan garinsu, wani kuma kayan kamun kifi ya gani da araha a Amurka. Tambayarsu ɗaya ce: ta wace hanya zan ce a aiko mini, kuma nawa zan biya idan kayan sun iso?

Ni dukanci ne abin sha'awata. Na taso ina kallon dukawa a Kano, kuma har yau idan dare ya yi tsawo lokacin hunturu nakan zauna da basilla da zare ina ɗinka jakar kuɗi ko ɗamara. A shekarata ta farko a Ontariyo na sayi kayan kusan dala 90 daga wani shago a Amurka: ƙarafan huda fata guda uku, basilla, da zare mai kaki. Na biya kuɗin kaya, na biya kuɗin aikowa, na ɗauka magana ta ƙare. Ranar da kwalin ya iso, direba na tsaye a ƙofa cikin dusar ƙanƙara da na'urar karɓar kati a hannunsa, ya ce sai na ba da dala arba'in da wani abu. Na biya don ban san ina da zaɓi ba. Da na zauna na karanta takardar, sai na ga dala 11.70 ne kacal harajin gwamnati. Sauran duk na kamfanin ne. Abin ya yi mini ciwo, kuma ba na so ya faru da wani.

Duk adadin da ke ƙasa da dalar Kanada ne, sai inda na faɗi akasin haka.

1. Rarrabe kuɗaɗen da ake nema a hannunka

Kuɗi iri uku ne, kuma cakuɗa su ne ke sa mutum ya zagi kwastan a kan abin da ba su suka karɓa ba.

Na farko kuɗin fito ne, wanda ya dogara da irin kayan da ƙasar da aka ƙera su. Na biyu harajin sayayya ne, GST ko HST, irin wanda kake biya a kowane shago: kashi 13 cikin ɗari a Ontariyo, kashi 5 a Albata, sauran larduna kowa da nasa. Waɗannan biyun na gwamnati ne. Hukumar iyaka ta Kanada, CBSA, ita ke ƙayyade su.

Na uku shi ne la'adar wanda ya cika maka takardun kwastan. A takardar kamfani za ka ga an rubuta "brokerage" ko "clearance". Wannan ba ya shiga aljihun gwamnati ko kwabo. A nan ne bambancin hanyoyin yake. Canada Post, gidan wayar Kanada, na karɓar dala 9.95 a kan kowane kwalin da aka ɗora wa haraji, kayan na dala 50 ne ko na dala 500. Kamfanonin da ke kawo kaya ta mota, kamar UPS Standard da FedEx Ground, nasu kuɗin yana hawa ne gwargwadon darajar kaya, sannan sukan ƙara wani kuɗi don sun biya maka harajin kafin ka biya su, sannan a ɗora haraji a kan la'adar kanta. Jadawalin kuɗin yana shafukansu na intanet kuma suna sabunta shi, don haka ka duba na shekarar da kake ciki.

Harajin gwamnati haƙƙi ne, za ka biya. La'ada kuwa ita ce abin da kake da ikon ragewa ko kauce wa gaba ɗaya, kuma kusan duk aikin ana yin sa ne kafin ka danna maɓallin biya.

2. Mayar da farashin zuwa dalar Kanada, ka ga inda ya faɗa

Mutane da yawa sun haddace cewa gidan waya ya fi araha. Ba kullum ba. Tun 1 ga Yuli 2020, lokacin da yarjejeniyar kasuwanci ta CUSMA tsakanin Kanada da Amurka da Meziko ta fara aiki, dokar ta rabu gida biyu.

Ta gidan waya, kayan da ba su wuce dala 20 ba ne kawai aka yafe wa fito da haraji. Ta kamfanin kai saƙo, idan kayan daga Amurka ko Meziko suka taso, har zuwa dala 40 babu fito babu haraji. Daga dala 40 zuwa 150 babu fito amma akwai haraji. Sama da 150, duka biyun na iya hawa. Idan daga wata ƙasa ce, misali Ingila ko Japan, iyakar dala 20 ce ko ta wace hanya.

Bari mu ɗauki misali biyu a Ontariyo. Ka sayi zare da allurai na dala 35. Ta gidan waya, idan aka ɗora haraji, za ka biya dala 4.55 da kuma 9.95, jimla 14.50 a kan kayan 35. Ta kamfani kuwa babu harajin da za a karɓa, kuma galibi ba a neman la'ada a wannan matakin. A nan kamfani ya fi.

Yanzu kayan dala 120 ƙirar Amurka. Haraji dala 15.60. Ta gidan waya jimla 25.55, kuma ka san adadin tun kafin kaya su taso. Ta kamfanin mota, 15.60 ɗin na nan, sai la'ada da 'yan uwanta a kai, kuma ba wuya su wuce harajin kansa. Tsakanin dala 40 da 'yan ɗaruruwa, inda yawancin sayayyar masu sha'awa irinmu ke faɗawa, ni gidan waya nake zaɓa.

Gargaɗi: farashin da ka gani a shafin shagon Amurka da dalarsu ne. Kayan dala 30 na Amurka kan iya haura 40 na Kanada. Yi lissafin canji tukuna, kada ka tsaya a gefen iyaka kana zaton kana ciki.

3. Bincika inda aka ƙera kayan, da ko an yarda su bi gidan waya

Shagon yana Amurka ba ya nufin kayan ƙirar Amurka ne. Abin da aka ƙera a Amurka ko Meziko, yarjejeniyar ta yafe masa fito. Abin da aka ƙera a Sin ko Pakistan aka kawo Amurka ana sayarwa, fitonsa na nan. A kan wasu kayan ba shi da yawa, amma tufafi kan kai kashi 18 cikin ɗari. Sannan ka duba ko akwai wani ƙarin haraji na lokaci. A watan Maris na 2025 Kanada ta ɗora kashi 25 kan wasu kayan Amurka a matsayin ramuwar gayya, daga baya ta janye yawancinsa. Irin wannan kan zo ya wuce, amma idan ya same ka a tsakiya, lissafinka ya rushe.

Akwai kuma kayan da gidan waya ba ya ɗauka zuwa ƙetare. Rinin fata mai sinadarin da ke kama wuta, gam mai ƙarfi, fenti na feshi, duk ba sa bi. Batirin litiyom ma sai idan yana cikin na'urarsa. Irin waɗannan ka neme su a cikin Kanada ko da sun ɗan fi tsada.

Gargaɗi ga masu aikin fata: fatar kada da ta mesa suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya ta kare dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, sai da takardar izini suke ƙetare iyaka. Wuƙar da ke buɗe kanta da dannawa ɗaya haramtacciya ce a Kanada. Idan aka kama, kayan ne za ka rasa, kuma sunanka ne a kan kwalin.

4. Yi magana da mai sayarwa kafin ka biya

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Shaguna da yawa sukan rubuta "jigila zuwa ƙetare" kawai, ba tare da faɗin wa zai ɗauko kayan ba. Kada ka yi zato. Rubuta musu gajeren saƙo ka tambayi sunan kamfanin da kuma irin hidimar, domin kamfani ɗaya na iya samun hanyar mota da hanyar jirgi, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Idan gidan waya kake so, ka ce USPS, wato gidan wayar Amurka. Shi ke ɗauka a Amurka ya miƙa wa Canada Post. Ƙaramin kaya da bai wuce fam 4 ba, wato kilo 1.8, kuma darajarsa ba ta wuce dalar Amurka 400 ba, yana iya bin First-Class Package International, wanda ya fi sauƙin kuɗi. Mai nauyi ko mai tsada ya bi Priority Mail International, wanda ke da ɗan inshora a ciki.

Idan shagon ya ce shi da kamfani kawai yake aiki, tambayi kuɗin hanyar jirgi. A UPS da FedEx, hidimar gaggawa ta jirgi yawanci ta haɗa da cika takardun kwastan a cikin farashinta, ko da yake ɗan kuɗin biya maka haraji na iya fitowa. Sau da yawa ƙarin dala goma sha biyar a wajen biya ya fi abin da hanyar mota za ta nema a ƙofa. Arahar da ka gani a shafin biya rabin farashi ce, ragowar tana jiranka a gida.

Wasu shagunan kuma suna karɓar fito da haraji tun a wajen biya, su aiko kaya babu sauran bashi. Amazon na Amurka na yin haka, eBay ma na da irin tsarin a kan kaya da yawa. Idan ka ga haka, ka adana rasitin da ya nuna an karɓa, don kada a sake nema.

Ka roƙi mai sayarwa abu uku a takardar kwastan: ya rubuta ainihin sunan kayan, ya rubuta ƙasar da aka ƙera su, kuma ya ware kuɗin jigila daga kuɗin kaya. Idan ya haɗe su wuri ɗaya, a kan jimlar za a yi maka lissafi.

Gargaɗi: kada ka ce ya rage farashi a takarda, kada ka ce ya rubuta kyauta ce. Rangwamen kyauta, wanda ya kai dala 60, na abin da ɗan uwa ko aboki ya aiko maka ne, ba na abin da ka saya ba. Ƙarya ce, kuma idan aka gano ana iya ƙwace kayan. Ko ba a gano ba, ranar da kwalin ya ɓace, adadin da aka rubuta shi kaɗai inshora zai biya.

5. Karanta lambar bin sawu ranar da ta iso

Lambar da shago ya turo maka za ta gaya maka gaskiyar hanyar da aka bi. Ta gidan waya tana da haruffa biyu a farko, lambobi tara a tsakiya, ta ƙare da US. Ta UPS tana farawa da 1Z. Ta FedEx lambobi ne zalla. Yakan faru ka ce gidan waya, ma'aikacin shago ya manta ya miƙa wa kamfani. Idan ka gane a rana ta farko, kana da kwanaki na shiri. Idan sai direba ya ƙwanƙwasa ƙofa ka gane, ka makara da rabi.

6. Idan ta gidan waya ne

Aikinka kaɗan ne. Kwalin zai bi ta ɗaya daga cikin cibiyoyin tantance saƙon ƙetare da ke yankunan Toronto, Montriyal da Bankuba. Jami'in CBSA zai duba, idan akwai haraji ya manna fom mai suna E14 a jikin kwalin. Za ka biya mai kawo wasiƙa, ko a bar maka kati ka je ofishin gidan waya da katin shaidarka. Kwana 15 suke riƙe kaya, bayan haka su mayar wa mai aikowa, don haka kada ka bar katin a kan firji ka manta.

Wani lokaci ƙaramin kwali kan wuce ba a ɗora masa komai ba. Idan ya faru ka gode wa Allah, amma kada ka gina lissafinka a kai.

Idan ka ga an yi kuskure a adadin, misali an ɗora fito a kan abin da aka ƙera a Amurka, ka biya ka karɓi kayanka, sannan ka cika fom B2G, ka haɗa da rasitin saye ka aika neman a mayar maka. Kana da shekara guda, amma ka yi da wuri tun takardun na hannunka.

Gargaɗi: gidan waya ba ya sauri, kuma bin sawunsa kan yi shiru na kwanaki a iyaka. Yajin aikin ma'aikatan Canada Post da ya fara 15 ga Nuwamba 2024 ya ɗauki kusan wata guda, har USPS ta dakatar da karɓar saƙon Kanada a lokacin. Idan kayan na wata rana ce takamaimai, ko masu tsada ne ƙwarai, kamar gilashin kyamara na dala dubu, ni kaina kamfani nake zaɓa ta jirgi.

7. Idan ta kamfani ne: fitar da kayan da kanka

Doka ba ta tilasta maka ɗaukar kamfanin a matsayin dillalinka ba. Kana da ikon zuwa ofishin CBSA ka biya harajin da hannunka. Ga yadda ake yi.

Da zarar lambar bin sawu ta nuna kaya sun taso, kira kamfanin. Kalmar da suka sani ita ce "self-clear". Faɗe ta a fili, ka ba da lambar, ka rubuta sunan wanda ya amsa da lokacin kiran. Za su turo maka takardu ta imel ko su ce ka je ma'ajiyarsu ka karɓa: takardar da ke ɗauke da lambar shigar kayan, da takardar farashi daga mai sayarwa. Wani lokaci sai ka sake kira kafin su turo. Yi haƙuri ka nace, cikin ladabi.

Sannan ka nemi ofishin CBSA da ke karɓar irin wannan biya daga jama'a. Ba kowane ofishi ba ne, kuma a manyan birane yakan kasance kusa da filin jirgi. Duba jerin ofisoshin da lokutan aikinsu a shafin hukumar kafin ka fita. Ka tafi da takardun kamfanin a buge, rasitin biyanka, katin shaida mai hoto, da katin banki. Sunan da ke kan kwalin ya zama naka ne.

Jami'i zai tambaye ka mene ne kayan, nawa ka saya, na amfanin kanka ne ko na sayarwa. Faɗi gaskiya a taƙaice. Zai yi lissafi, ka biya, ya ba ka rasiti mai hatimi, fom BSF715, wanda tsofaffin hannu har yanzu ke kira B15. Karon farko da na yi, ban fi minti ashirin a ofishin ba, kuma na fito da takarda ɗaya da ta nuna haraji kawai. Ɗauki hotonta nan take. Aika wa kamfanin ko ka kai ma'ajiyarsu, su saki kayan, ka ɗauka ko su kawo. A misalin dala 120 ɗin nan, abin da ka kashe 15.60 ne.

Gargaɗi: auna wahalar da ribar. Idan ofishin na da tafiyar awa biyu daga gidanka, ko sai ka bar aiki rabin yini, kuɗin mai da lokacin sun cinye abin da ka tsira da shi. Ga wanda ke ƙaramin gari, maganin yana mataki na huɗu. Sannan duk wannan na kayan amfanin kai ne. Ranar da ka fara sayar da jakunkunan da kake ɗinkawa, ka shiga dokar 'yan kasuwa, takardunta daban.

8. Idan direba ya riga ya iso

Kada ka biya, kada ka sa hannu. Gaya masa cikin mutunci cewa za ka fitar da kayan da kanka, domin shi ɗan aike ne, ba shi ya yanka kuɗin ba. Zai koma da kwalin ma'ajiya. Kira kamfanin a ranar, ka bi mataki na bakwai, saboda 'yan kwanaki kaɗan suke riƙewa kafin su mayar Amurka. Idan ka riga ka biya, dawo da la'adar yana da wuya ƙwarai. Ka sanar da mutanen gida tun da wuri, don kada wani ya biya a madadinka da kyakkyawar niyya.

Wasu kamfanonin sukan ajiye kayan ba su nemi komai ba, sai bayan makonni takardar bashi ta biyo baya. Kada ka yar da ita. Kira ka nemi a rarrabe maka adadin, ka biya harajin, ka roƙi ragi a kan la'adar. Wani lokaci sukan rage, musamman a karon farko. Yin shiru kuwa na iya kai takardar hannun masu karɓar bashi, abin da baƙo mai gina sunansa a banki ba ya buƙata.

9. Ɗauko kayan da kanka a tsallaken iyaka

Mazauna kusa da iyaka suna da wata hanya. A garuruwan Amurka irin su Niagara Falls da Ogdensburg a jihar Niyok, ko Blaine a jihar Washinton, akwai shagunan da ke karɓar kwali a madadinka kan 'yan daloli. Shago ya aika can da kuɗin jigilar cikin gida, ka tuƙa ka ɗauko, ka bayyana kayan a iyaka da rasitinsu, ka biya haraji idan an nema, babu la'ada.

Gargaɗi biyu. Tafiyar da ba ta kai awa 24 ba babu rangwamen haraji a kanta, wato ba a yafe wa kayan da ka dawo da su komai. Rangwamen dala 200 sai bayan awa 24, na dala 800 kuma sai bayan awa 48. Na biyu ya fi shafar mu: katin zama na dindindin a Kanada ko izinin karatu ba ya shigar da kai Amurka. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da bizar Amurka mai aiki. Idan aboki mai fasfon Kanada ne zai ɗauko maka, ka ba shi rasitin da rubutaccen izinin karɓar kwalin, kuma ya gaya wa jami'in iyaka cewa kayan naka ne, ya biya harajinsu ya kawo maka takardar.